Kuɗin aike ya ninka kafin kaya su iso Katsina: wa ya kamata ya biya?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata magana ce ke cina tun shekaranjiya, na ce bari in kawo ta nan a tattauna.

Ƙanwata za a aurar bayan Sallah, ni aka ɗora wa kayan kicin. Na ga saitin kuloli da tukwane wurin wata mai saida kaya a Instagram, tana Legas. Muka daidaita a 48,000. Kafin in tura ko sisi na tambaye ta nawa ne kuɗin aikowa har Katsina, ta ce 7,000. Na sake cewa Katsina fa, ba Kano ba. Ta ce eh, har Katsina. Na tura mata 55,000.

Bayan kwana biyar sai ga kira daga Kano. Wani bawan Allah ya ce kwalina yana Sabon Gari, motar Legas nan ne iyakarta. In ina son kayana in turo 1,500 a kai su tashar Ƙofar Ruwa, da 4,000 na motar Katsina. Na kira mai kayan, wayarta ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na tura, don ina tsoron kada kwalin ya salwanta. Da ya iso Katsina ba a sanar da ni ba sai washegari, aka ce in ba da 500 kuɗin ajiya. Mai napep ya karɓi 1,000 zuwa Sabuwar Unguwa, wannan kam nawa ne, ban ɗora wa kowa ba.

To 6,000 ɗin nan fa? Da daddare ta amsa mani da cewa haka ake yi, mai karɓa ke sallamar direba. Ni ba yawan kuɗin ya fi ƙona mani rai ba. Da ta ce mani 13,000 tun farko, da na zauna na yi lissafina.

'Yar Daura:
Wa'alaikumus salam. Anti ki gode Allah ke a cikin Katsina kike. Mu nan Daura kusan duk abin da muka saya sai mun biya sau biyu. Watan jiya na sayi takalman yara, aka ce kuɗin aike 3,500. Maimakon a sa a motar da ke zuwa Daura kai tsaye ta Kazaure, sai aka kai shi Katsina, don mai aikowar ta ga an rubuta jihar Katsina. Sai da na sake biyan 2,000 aka maido mani shi.

Hajiya Mai Atamfa:
Maman Biyu, ki yi haƙuri, abin da aka yi maki bai kyautu ba. Amma tunda ni ma sana'ar nake yi, bari in faɗi ɓangarenmu, don kullum mu ake zagi.

Shekarata shida ina saro atamfa da leshi a Kantin Kwari ina aikawa Funtua, Gusau, Abuja, har Fatakwal. Kuɗin mota ba a hannunmu yake ba. Da safe in na aika yaro tasha a ce mashi 3,000, in ya koma da yamma da wani ƙullin a ce 4,000, saboda wani direban ne. Sannan wanda ke zaune a Legas yawanci bai san yadda garuruwanmu suke ba. A wurinsa Kano da Katsina da Jigawa duk abu guda ne, bai san tsakanin Kano da Katsina tafiyar wajen kilomita 170 ce ba. Ina kyautata zaton yaron da ta aika tasha kuɗin Kano aka faɗa mashi, ita kuma ta ɗauka ya ƙare.

Kuma gaskiya al'adar tasha ke nan tun da can, mai karɓar saƙo shi ke sallamar direba.

Maman Biyu:
Hajiya, in ba ta sani ba ai sai ta ce mani bari in tambaya. Sau biyu na nanata mata. Saƙon yana nan a wayata ban goge ba.

Baban Tasha:
Salamu alaikum. Ni direba ne, shekara goma sha tara ina hanyar Kano zuwa Katsina. Ɗana ne ya nuna mani wannan magana, na ce sai na sa baki.

Hajiyoyi, ku fahimci yadda abin ke tafiya. Manyan motocin da ke tasowa daga Legas akasari a Kano suke sauke kaya. Daga nan saƙon ya zama sabon aiki. Wanda ya ɗauko shi daga Sabon Gari zuwa Ƙofar Ruwa ba yaron mai babbar mota ba ne, ɗan dako ne ko mai kurkura, haƙƙinsa zai karɓa. In ya iso wurinmu, akwai kamashon masu lodi, akwai na ƙungiya da ake cirewa kafin mota ta tashi. Abin da ke shiga aljihun direba daga 4,000 ɗin nan bai kai yadda kuke zato ba.

Kuma mu ba nauyi kaɗai muke dubawa ba, wuri muke dubawa. Kwalin tukwane in ya cika but, fasinja mai buhu biyu ba zai samu inda zai sa nasa ba, sai ya sauka ya shiga wata motar. Kayan da ya cinye wurin mutum kuɗin mutum zai biya.

Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita a farashin gwamnati ba ta kai 200 ba. A ƙarshen 2024 sai da ta haura 1,000. Ga taya, ga baƙin mai, ga masu tsayar da mu tun daga Bichi, Tsanyawa, Kankiya har Charanchi. Saƙon da nake ɗauka 500 a da, in na ɗauke shi haka yau daga aljihuna na cika.

Amma maganar kuɗin ajiya, nan kam ina bayanki. In ba a kira ki ranar da kaya suka iso ba, bai halatta a ce ki biya kwanan da ba ki san da shi ba. Ni saƙon da na ɗauko, tun ina Kankiya nake kiran mai shi.

Maman Biyu:
Na gode Baba, Allah ya tsare hanya. Ni ban ga laifin direba ba, ya yi aikinsa. Tambayata ita ce tsakanina da wadda ta ce mani 7,000, wa zai biya shi?

Gwaggon Yara:
'Yata, ni dai abin da ban gane ba, mi ya hana ki shiga Babbar Kasuwa? Ki taɓa tukunya da hannunki, ki ƙwanƙwasa ki ji kaurinta, ki yi tayi, yaro ya ɗauka ya sa maki a napep. Wancan satin na raka maƙwabciyata, saiti mai kyau ta saya 58,000. Ke yanzu in kin haɗa ai 62,000 kika kashe, ga kwana shida na zullumi.

Maman Biyu:
Gwaggo gaskiyarki. Launin da amaryar ke so ne ban samu a nan ba. Kuma da lissafin 55,000 na ga kamar na yi sauƙi, shi ya sa na ce da an faɗa mani gaskiya da ban saya ba.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Wannan jimlar ta ƙarshe ta Anti ita ce gaba ɗayan matsalar. Ƙaramin kuɗin aike da ake faɗa da farko shi ke sa mutum ya yanke shawara. Bayan ka tura kuɗi, kayanka na hannun wani a garin da ba ka da kowa, ba ka da sauran ƙarfin ciniki. Ko nawa aka ce sai ka biya.

Ni ɗalibi ne a jami'ar Umaru Musa, ina ɗan sayo kayan waya da jakunkuna daga Chaina ina saidawa a makaranta. Na farko da na yi na sha wuya, don ban san ana auna girman kwali ba. Masu jigila ta jirgin sama suna ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, su raba da 6,000, wasu da 5,000. Abin da ya fito su kwatanta da nauyin sikeli, wanda ya fi yawa shi za ka biya. Kwalina jakunkuna ne, a sikeli kilo 6. Amma girmansa 60 da 40 da 40, wato 96,000, a raba da 6,000 ya zama kilo 16. Na yi tanadin kuɗin kilo 6, aka miƙo mani na kilo 16. Kusan duk ribar da nake hange ta tafi a nan.

Ƙari a kan haka, da dala ake lissafin, kuma farashin ranar da kaya suka iso ake bi, ba ranar da ka saya ba. Waɗanda suka yi oda a farkon 2024, lokacin da dala ta tsallake 1,500, sun san abin da nake faɗa.

Amma ko a nan akwai bambanci da abin da ya samu Anti. Ni ƙa'idar tana rubuce, ni ne ban karanta ba. Ita an ba ta adadi ƙarara.

'Yar Daura:
Ɗan'uwa, maganar kwastam fa? Wata ƙawata aka ce ta biya kuɗin kwastam a kan agogo guda ɗaya.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Yaya, tun watan Satumba na 2025 hukumar kwastam ta sanar cewa ƙananan kaya da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba an yafe masu haraji, har sau huɗu a shekara ga mutum. Harajin kawai aka yafe, kuɗin jirgi da na kamfanin aike suna nan. Don haka in an ce kuɗin kwastam ne a kan ƙaramin abu, ta nemi a nuna mata takardar biya. Akwai kuma 'yan damfara da ke kira su ce saƙonka ya maƙale a filin jirgi, turo kaza a sake shi, alhali babu wani saƙo.

Hajiya Mai Atamfa:
Ɗana, ka ce ana faɗin ƙaramin kuɗi don a jawo mutum. Ba zan musa ba, akwai masu yi. Amma ka san dalili? Ki ce wa mace atamfa 18,000, kuɗin mota 4,000, sai ta ce bari in yi shawara, ba za ki sake jin ta ba. Wata kuma ta sa atamfar 22,000 ta rubuta aike kyauta, sai a yi ta rububi. Kuɗin ɗaya ne. Masu saye su ma suna da hannu wajen koya wa 'yan kasuwa ɓoye-ɓoye.

Sannan ba wanda ke maganar asararmu. Kafin azumi na aika leshi biyu Dutsin-Ma a kan in sun isa za a biya. Direba ya yi ta kira, matar ta kashe waya. Na biya kuɗin zuwa, na biya na dawowa, ledar ta dawo a yage. Wa na kai wa ƙara? Tun daga ranar na daina aika kaya sai na ga alat.

Maman Biyu:
Allah ya mayar maki da alheri Hajiya, wannan ma zalunci ne. Amma ni na biya kafin a aiko, har da naira 50 da ake cirewa in kuɗi sun kai 10,000. Ban saɓa ko ɗaya daga abin da muka yi da ita ba.

Uban Zaure:
Jama'a a ci gaba cikin mutunci. Wani ya turo mani ta gefe yana so a saka sunan shafin matar a nan. Ba za mu yi haka ba, ba mu ji ta bakinta ba. Allah gafarta Malam, muna ganin kana karantawa, a taimaka mana da abin da shari'a ta ce.

Malamin Islamiyya:
Bismillah. Allah ya ƙara mana fahimta baki ɗaya.

Asali a ciniki shi ne yarda, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i aya ta 29, cewa kada a ci dukiyar juna da ɓarna sai dai kasuwanci bisa yardar juna. Yarda kuwa ba ta tabbata a kan abin da mutum bai sani ba. Shi ya sa malamai suka sharɗanta kuɗin kaya ya zama sananne lokacin ƙulla ciniki, haka ma ladan aiki a ijara, wato ɗaukar mutum aiki ko haya. Kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cinikin garari, wato wanda ƙarshensa ke a rufe.

Mas'alar Maman Biyu tana da fuska biyu, kuma lafazin da aka yi shi ke raba su. Idan mai kaya ta ce zan kai maki har Katsina a kan 7,000, ta ɗauki aikin a wuyanta. Ko ta samu mota a 5,000 ragowar nata ne halal, ko ta samu a 13,000 cikon a kanta yake. Idan kuwa cewa ta yi ni dai zan kai maki tasha, ina tsammanin zai kai 7,000, abin da direba ya ce ke za ki biya, to ta zama wakiliya. Ƙari a kan mai saye yake, ragi kuma dole ta maido mata, ba ta da ikon riƙe ko naira ɗaya.

Abin da ba ya halatta shi ne haɗa biyun: in an samu ragi a riƙe a ce ai ciniki ne, in an samu ƙari a ce ai ni wakiliya ce.

Bisa abin da Maman Biyu ta faɗa, kuma ba mu ji ɗaya ɓangaren ba, fuska ta farko ce. Allah ne mafi sani.

Hajiya Mai Atamfa:
Allah gafarta Malam, al'ada fa? Na ji malamai na cewa al'ada hukunci ce. Kowa ya san mai karɓa ke biyan direba.

Malamin Islamiyya:
Haka ne Hajiya, ana komawa ga al'ada, amma a inda aka yi shiru. Da ba su yi maganar kuɗin mota ba sam, sai mu ce a bi abin da aka saba a tasha. Nan kuwa an yi tambaya, an ba da amsa, an sake tambaya, an tabbatar. Magana bayyananna tana gaban al'ada. Kuma ko a al'adar, wanda aka saba shi ne a ce maki za ki biya direba in ya iso. Ba a saba a karɓi kuɗin mota a hannunki sannan a sake cewa ki biya direba ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Na karɓa Malam. Gaskiya ni kaina akwai ranar da na ce wa mutum 3,500, yaro ya dawo da canjin 500, ban mayar ba, kuma a raina ina ɗaukar kaina 'yar aike ce kawai. Zan duba littafina in ga su wa ke bina.

Ma'aikacin Sakatariya:
Ƙari a kan bayanin Malam, dokar ƙasa ma ta yi magana. Akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Ta wajabta wa mai saidawa ya bayyana farashi, kuma ta hana a karɓi fiye da abin da aka nuna wa mai saye. Ana iya shigar da ƙorafi ta shafinsu na intanet, a haɗa da hoton hirar da shaidar tura kuɗi.

'Yar Daura:
Yallaɓai, a kan 6,000? Matar da ba a san ko shago tana da shi ba, lambar waya ce kawai da hotuna. Kafin a gano ta an kashe fiye da haka a data.

Ma'aikacin Sakatariya:
Na yarda da wuya a bi ta. Amma sau da yawa in mai kaya ya ga ka ajiye shaida kuma ka san inda ake kai ƙara, yakan sauko. Ni na taɓa gwadawa da wani mai saida injin markaɗe, ban kai ga shigar da ƙarar ba ya maido mani.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Shi ya sa wasu suka fi son manyan manhajoji irin su Jumia da Konga, don kuɗin aike yana fitowa kafin ka danna biya. Sai dai a lura, in ka haɗa kaya daga masu saidawa daban-daban yakan hau. Zuwa ka karɓa da kanka a ofishinsu ya fi a kawo maka gida sauƙi.

Ga masu saidawa a WhatsApp da Instagram kuwa, ni yanzu tambaya uku nake yi a rubuce, ba a murya ba: wace tasha za a sauke a Katsina, akwai canjin mota a hanya, kuma in na je karɓa akwai abin da zan ba wani? Wanda ya kasa amsa ta biyun, na san bai taɓa aiko kaya nan ba.

Baban Tasha:
Yaron nan ya faɗi daidai. Ku ƙara da wannan: a turo maku lambar direba da hoton kwalin tun mota ba ta tashi ba, ku kira shi da kanku ku ji ko an sallame shi duka ko rabi. Rigimar da muke sha a tasha kullum ita ce mai aikowa ya ba da rabi ya ce wa mai karɓa ya biya duka. Mu ake zagi, mu ba mu san abin da suka ƙulla ba.

Maman Biyu:
'Yan'uwa ga yadda aka ƙare. Na ɗauki hoton inda ta rubuta har Katsina, na tura mata, na kuma kwafa mata bayanin Malam ba tare da na ƙara komi ba. Ta kira ni da kanta bayan la'asar. Ta ce yaronta kuɗin Kano ya tambayo, kamar yadda Hajiya ta yi hasashe, kuma ba ta taɓa aika kaya Katsina ba sai a kaina. Ta maido mani 4,000 na motar Katsina. Ta ce 1,500 na dako da 500 na ajiya ba za ta iya ba, don ribarta a kayan gaba ɗaya ba ta kai haka ba.

A ganina 1,500 ɗin ma a kanta yake, tunda yana cikin hanyar zuwa Katsina. Na faɗa mata haka, sannan na ce na yafe. Na 500 kuwa zan koma tasha in yi magana da wanda ya karɓa, tunda Baba ya ce ba ƙa'ida ba ce.

Baban Tasha:
Ki je da safe kafin goma, ki nemi shugaban layin Kano, kada ki tsaya da yaran lodi. Ki nuna mashi lokacin da aka kira ki a wayarki.

'Yar Daura:
Baba, ni kuma fa? Akwai keken ɗinki da nake son sayowa daga Kano sati mai zuwa, ina tsoron kada a sake kai mani Katsina.

Baban Tasha:
Ki ce masu motar Daura ta hanyar Dambatta da Kazaure, kada su ambaci Katsina ko kaɗan a tasha. A rubuta DAURA da manyan baƙaƙe a jikin kwalin, da lambarki a gefe biyu. Keken ɗinki kuma a kwance kan daga ƙafar a ɗaure su daban, in ba haka ba kuɗin kujera biyu za a ce ki biya.